Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Kayan Rogo: Abin da Ya Kamata Ka Sani Game da Masu Ba da Shawara

Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman rogo. Kowace shekara ana haƙo kusan tan miliyan 60 daga gonakin Binuwai, Kogi, Taraba, Nasarawa, Kwara, Oyo, Ogun, Edo, Kuros Riba da sauransu. Amma ka leƙa masana'antar biskit, ko ta kwali, ko ta haɗa magunguna, ka tambayi inda sitacinsu ya fito, sau da yawa za a ce maka daga ƙetare ne. Ƙasar Tailan, wadda abin da take nomawa kusan rabin namu ne, ita ke riƙe da kasuwar sitaci da busasshen rogo ta duniya, Biyetnam na biye da ita. Rogo kam muna da shi har ya yi yawa. Inda muke faɗuwa shi ne tsakanin gona da ƙofar mai saye, kuma a nan ne ake neman masu ba da shawara kan sayen kayan gona da jigilarsu. Idan kana shirin sayo garin kwaki tirela guda, ko kana da gidan burodi ko gonar kaji, ko wani daga waje ya yi maka waya yana neman kwantenar sitaci, wannan bayani naka ne.

Wane kaya ake nufi da kayan rogo da aka sarrafa?

Duk abin da aka fitar daga ɗanyen rogo aka mayar da shi kayan da zai ajiyu. Wasu ka san su tun kana yaro. Akwai garin kwaki, wanda ake gurza rogo, a zuba a buhu, a danne shi 'yan kwanaki ya tsane ya yi tsami, sannan a soya a babban kasko. Fari ne, in an sa manja ya zama ja. Akwai alabo na tuwo da ɗanwake. Akwai sitacin da mai wanki da guga ke sa wa shadda.

Wasu kuma na masana'antu ne. Na farko ita ce fulawar rogo mai inganci, wadda ba a bari ta yi tsami: ana fere rogon, a gurza, a matse, a busar, a niƙa, duk cikin kwana guda da haƙo shi. Fara ce tas, ba wari, ba tsami, shi ya sa ake iya gauraya ta da fulawar alkama a yi burodi, biskit ko cincin. Sai sitacin masana'anta, wanda ke shiga dunƙulen ɗanɗanon miya, da ƙwayar magani, da takarda, da atamfa, da gam ɗin kwali. Sai busasshen rogo da ake yankawa gutsi-gutsi a shanya, don abincin dabbobi da kuma sinadarin itanol da ake haɗa turare da man tsaftace hannu da shi. Ƙasar Sin ce babbar mai sayensa a duniya. Daga sitacin kuma ake fitar da ruwan zaƙi na alewa da lemo, da wani sinadari mai suna sobitol da ake sa wa man goge baki. A 2022 kamfanin Psaltry ya buɗe masana'antar sobitol daga rogo a Ado-Awaye ta jihar Oyo. Har ɓawon da ake zubarwa ya zama kaya: masu bincike a Ibadan sun fito da hanyar gurza shi, a matse, a busar, ya shiga abincin kaji da na kifi a madadin wani kaso na masara.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da nasa mai saye, da nasa ma'auni. Alabo da fulawar rogo duk farin gari ne a ido, amma wanda ya kai wa gidan burodi alabo zai koma da kayansa.

Mece ce sarƙar kaya, kuma me ya sa ta rogo ta fi wuya?

Kafin buhun garin kwaki ya iso kasuwar Dawanau, ya ratsa hannaye da yawa: wanda ya sayar da sandunan iri, manomin da ya dasa, leburorin da suka haƙo, direban da ya fito da shi daga daji, matan da suka fere shi da wuƙa, mai injin gurza, masu suya, mai sito, sannan direban tirela. Wannan jerin shi ake kira sarƙar kaya. Idan hannu ɗaya ya yi sake, asarar kan wanda ya biya kuɗi a ƙarshe take faɗawa, wato kai.

Abin farko da ya sa ta rogo ta fi wuya shi ne, gero ko masara kana iya zuba su a rumbu su shekara. Rogo kuwa, muddin yana cikin ƙasa lafiya lau yake, zai jira ka watanni bayan ya ƙosa. Amma daga ranar da aka tumɓuke shi, kwana 2 zuwa 3 kawai gare shi. Ka karya shi a rana ta uku, za ka ga zane-zane masu duhu, shuɗi-shuɗi, sun ratsa tsokarsa. Daga nan ya fara lalacewa, kuma ba masana'antar kirki da za ta karɓe shi. Mota ta lalace a hanya kwana biyu, an yi asarar lodin ke nan.

Na biyu, ɗanyen rogo kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nasa ruwa ne. Kafin a sami tan 1 na fulawa sai an ci kusan tan 4 na ɗanye. Sitaci kuwa yakan ci kusan tan 5. Ka ga duk masana'antar da aka gina nesa da gonaki, kuɗin motarta a ɗaukar ruwa yake ƙarewa. Shi ya sa mai saye daga Kano ko Maraɗi gara ya sayi busasshe a can inda ake noma, ya bar ɗanyen ga na kusa.

Na uku shi ne lokaci. Da rani ƙasa ta yi tauri, haƙa ta yi wuya, ɗanyen rogo ya yi tsada. Da damina haƙa ta yi sauƙi, amma babu ranar shanya, hanyoyin ƙauye sun caɓe, kuma a farkon ruwa sitacin da ke cikin saiwar yakan ragu, domin shukar tana jan sa ta yi sabon ganye. Ga kuma juyin farashi da manoma suka saba da shi: bana rogo ya yi kuɗi, kowa ya dasa, baɗi ya cika kasuwa, farashi ya faɗi, kowa ya guje shi, shekara ta uku a neme shi a rasa.

Abin da ya fi ba masu masana'anta ciwon kai shi ne, gona ɗaya suke nema da matan da ke suyar kwaki. Yawancin rogon Najeriya ci ake yi. Duk ranar da garin kwaki ya tashi a kasuwa, masu suya za su biya manomi fiye da abin da masana'antar sitaci za ta iya biya, kuma kuɗi hannu. Sai ka ga injina na miliyoyi sun yi tsit, ba don sun lalace ba.

An ga wannan a matakin ƙasa. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shiri na musamman kan rogo, daga baya aka ce a riƙa sa kashi 10 cikin 100 na fulawar rogo a burodi. Lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, daga 2011 zuwa 2015, an sake tayar da maganar da ƙarfi. Mutane da dama suka kafa ƙananan masana'antu. Manyan kamfanonin fulawa suka riƙa kukan kayan ba ya zuwa a kan kari kuma ingancinsa yau daban gobe daban. Masu sarrafawa su kuma suna kukan farashin da ake ba su ba ya fitar da su. Da yawa daga cikin waɗannan wurare sun rufe. A ganina shirin mai kyau ne, an dai tanadi injina kafin a tanadi rogon da za su ci kullum.

Wane ne mai ba da shawara, kuma me ya raba shi da dillali?

Mutum ne, ko kamfani, da ka ɗauka ka biya don ya duba maka wannan sarƙa tun daga tushe, ya gaya maka inda za ka sami kayan da kake so, a farashin da zai fitar da kai, da irin haɗarin da ke gabanka. Yawanci ya karanci aikin gona, ko sarrafa abinci, ko harkar fiton kaya, ko kuma ya daɗe yana saye wa wata masana'anta.

Za ka ce ai dillali ma haka yake yi. Akwai bambanci, kuma ya kamata ka riƙe shi da kyau. Dillali la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa, saboda haka burinsa a sallama. Ba laifi ba ne, sana'a ce mai daɗaɗɗen tarihi, kuma babu kasuwar da za ta ci ba tare da dillalai ba. Amma mai ba da shawara naka ne kai kaɗai, kuma wani lokaci mafi amfanin abin da zai yi maka shi ne ya ce kada ka saya. Wanda yake karɓa a hannunka kuma yake karɓa a hannun mai kaya ba zai iya furta wannan kalma ba. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa duk wanda ya zo da sunan ba da shawara ita ce: ban da ni, akwai wanda zai biya ka a wannan ciniki?

Haka kuma ya bambanta da malamin gona. Malamin gona manomi yake koya wa yadda zai noma. Wannan kuwa mai saye yake tsaya wa.

A aikace, me zai yi maka?

Zai fara da zama da kai ku rubuta ainihin abin da kake nema. "Gari mai kyau" ba ma'auni ba ne. Takardar sifar kaya takan faɗi yawan danshi, da launi, da laushi ko tsakin gari, da tsami, da yashi, da irin buhu da nauyinsa. Hukumar Codex, wadda hukumar abinci da ta lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa tare don tsara ma'aunin abinci, ta ce danshin garin kwaki kada ya wuce kashi 12 cikin 100, na fulawar rogo kuma kashi 13. Masu sayen busasshen rogo a kasuwar duniya sukan ce danshi kada ya haura kashi 14, yashi da ƙasa kada su haura kashi 3. Wannan na ƙarshe shi ke kayar da masu shanya a bakin kwalta, inda ƙura da kashin awaki da tsakuwa ke shiga kaya.

Daga nan sai ya je da ƙafarsa, domin gani ya kori ji. Hoton da aka turo maka ta WhatsApp na iya zama na masana'antar wani. Wanda ya san aiki, in ya isa wurin ba ofis yake fara shiga ba, bayan gini yake zagayawa. Idan mai wurin ya ce yana fitar da tan 10 na fulawa a rana, to kullum yana cin tan 40 na ɗanyen rogo. Ina tulin ɓawon? Ina sawun tayoyin motocin da ke kawo shi? Ina ruwan matsa yake gangarawa? Zai taɓa injin busarwa ya ji ko da ɗumi, ya nemi ganin rasiɗin man dizal na watan jiya, ya duba ko buhunan da ke sito a kan katako suke ko a ƙasa suna shan sanyin siminti.

Idan ɗanye za a saya don sitaci, akwai sikelin da ake gwada shi da shi nan take. Ana auna kilo 5 na rogo a kwando, sannan a nutsa kwandon cikin ruwa a sake aunawa. Iya nauyin da ya rage masa a cikin ruwan, iya yawan sitacinsa. Manyan masana'antu da wannan suke yanka farashi, shi ya sa manoma biyu za su kawo lodi iri ɗaya a ido, a biya su kuɗi daban. Rogo mai kyau yakan ba da sitaci tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

Sai ɗibar samfur. Ba a yarda da ɗan ƙullin da mai kaya ya miƙo da hannunsa. Ana soka ƙarfen nan mai rami a buhuna da yawa, na sama da na tsakiya da na can ƙurya, a gauraya, a raba uku, a liƙe kowanne a sa hannu: ɗaya naka, ɗaya na mai kaya, ɗaya na ɗakin gwaji. Ran da aka yi saɓani, waɗannan ƙulli uku su ne shaidu. Ta haka ake kama algus, kamar tsohon gari da aka rufe da sabo a bakin buhu.

Na ƙarshe ita ce yarjejeniya a rubuce: nawa ne kayan a kan sikeli, domin buhu suna ne kawai, wani ya fi wani, yaushe za a kawo, wa zai biya mota da 'yan dako, wa zai ɗauki asara idan ruwa ya taɓa kaya a hanya, nawa ne kafin alƙalami, kuma yaushe za a cika sauran. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa sharuɗɗan cinikin salam, inda ake biyan kuɗi yanzu kaya su zo daga baya: a san sifa, a san awo, a san lokaci. Yawancin rigingimun kayan gona da ke kaiwa gaban alƙali, ɗaya daga cikin ukun nan aka bari a baki.

Idan masana'anta zan kafa, ba saye kawai ba fa?

To aikinsa ya ƙaru, kuma a nan ne ya fi cancantar kuɗinsa. Kafin ka sayi inji ko ɗaya zai lissafa maka hekta nawa ake buƙata don ciyar da shi shekara guda. Matsakaicin abin da manomin Najeriya ke samu bai kai tan 10 a hekta ba, alhali a Tailan ana samun kusan 20. Da iri mai kyau, da taki, da noma a kan kari, ana iya kaiwa 20 ko fiye a nan ma. Irin da masu sitaci suka fi nema shi ne TME 419, saboda yawan sitacinsa da miƙewar sandarsa. Cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, da cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike a jihar Abiya, su ne tushen yawancin ingantattun irin da ake dasawa. Akan dasa sanda kusan 10,000 a hekta, a haƙo bayan wata 9 zuwa 12.

Daga nan sai tsarin noman kwangila: kai ka ba manoma iri da taki bashi, su kuma su sayar maka idan ya ƙosa. A takarda abin gwanin sha'awa. A gona kuwa, ran da farashin kasuwa ya fi naka, wasu za su sayar ta bayan fage. Kafin ka zarge su, ka tuna mutum ne da iyali, ya jira shekara guda. Mai shawara na ƙwarai zai ce maka ka sa farashi mai bin kasuwa tare da ƙasan da ba zai faɗa ƙasa da shi ba, ka biya a ranar da aka auna, ka rarraba dashe wata-wata don kada duka ya ƙosa lokaci ɗaya, kuma ka noma wani kaso da kanka.

An ce rogo yana da guba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma duk mai kiwo ya san abin da ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci ke yi wa akuya. A cikin rogo akwai sinadarin da ke sakin gubar sayanaid. Rogo mai zaƙi, irin wanda ake dafawa a ci da ƙuli, nasa kaɗan ne. Mai ɗaci nasa da yawa. Gurzawa, da matsewa, da jiƙawa, da suya ko shanya su ke fitar da ita, shi ya sa garin da aka yi shi yadda ya kamata ba ya cutarwa. Haɗarin yana zuwa ne idan an yi gaggawa, musamman lokacin da kaya ya yi tsada kowa na son ya kai kasuwa da wuri, a rage kwanakin matsa. A wasu yankunan Kongo da Mozambik, inda yunwa ta sa mutane cin rogo mai ɗaci da bai sarrafu ba, an sha fama da cutar konzo mai shanye ƙafafu. Ma'aunin Codex na fulawar rogo shi ne kada gubar ta wuce miligiram 10 a kowane kilo. Ido ba ya ganin wannan, sai ɗakin gwaji. Idan abin da za ka saya bakin mutane zai shiga, kada ka yi rowar kuɗin gwajin.

Idan ƙetare zan kai, waɗanne takardu ake nema?

Rajistar kamfani a hukumar CAC. Takardar shaidar mai fitar da kaya daga hukumar NEPC. Fom ɗin NXP, wanda ake cikawa ta bankinka don gwamnati ta san abin da ya fita da kuɗin da zai dawo. Ƙa'idar Babban Banki ita ce kuɗin su dawo cikin kwana 180. Takardar NAFDAC idan abinci ne da aka sarrafa, da ta hukumar NAQS mai shaida cewa kayan ba ya ɗauke da ƙwari ko cutar tsirrai. Yawancin masu saye na waje kuma za su nemi wani kamfanin duba kaya mai zaman kansa, irin su SGS ko Bureau Veritas, ya gwada kafin a rufe kwantena.

Za ka ci karo da wasu haruffa a takardar farashi. FOB na nufin nauyinka ya ƙare da zarar kaya ya hau jirgin ruwa a tashar ƙasarka. CIF na nufin kai za ka biya jirgi da inshora har tashar mai saye. Wanda ya ba da farashin FOB a kan cinikin CIF ya yi wa wani aikin banza. Hanyar biya mafi aminci ita ce takardar lamunin banki, inda bankin mai saye ya yi alkawarin biyanka da zarar ka miƙa takardun da aka yi yarjejeniya a kansu.

Kada ka ɗauki maganar inganci da wasa don kana ganin kai ɗaya ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, haramcin ya shafi kowa, har da waɗanda ba su taɓa zuba wa wakensu komai ba.

Ka kuma yi hattara da mai saye na bogi. Duk wanda ya yi maka tayin kwantena hamsin a farashin da ya fi na kasuwa, bai nemi samfur ba, sannan ya ce ka fara turo kuɗin rajista, ka kashe wayarka.

Wa abin ya shafa a Arewa?

Fiye da yadda ake zato. 'Yan kasuwar da ke sayo kwaki da alabo daga Binuwai, Kogi, Taraba da Kudu suna kawowa Kano, wani ya wuce Nijar ta Jibiya, Illela ko Maigatari. Masu gonar kaji da ke neman abin da zai rage musu tsadar masara. Masu burodi da cincin. Masu kwali da masu rini. Ƙungiyoyin mata masu suya a Nasarawa da kudancin Kaduna, waɗanda sau da yawa kayansu ya fi na kowa kyau amma ba su da takardar da za ta kai su gaban babban mai saye. Su ma manoma suna iya ɗaukar mai shawara, ya duba musu yarjejeniyar da kamfani ya kawo kafin su dangwala.

Nawa ne kuɗin aikin?

Babu tsayayyen farashi, ciniki ake yi. Hanyoyin biya uku ne aka fi sani: kuɗi dunƙule a kan aiki guda, kamar nemo maka masu kaya uku da rahoto a kan kowanne, ko kuɗin yini, idan aikin na yawo ne, ko kamasho, wato wani kaso na kuɗin kayan. Ni na fi natsuwa da na farko, domin mai cin kamasho ribarsa tana ƙaruwa idan ka saya da tsada. Idan dole sai kamasho, a ɗaura wani ɓangarensa a kan isowar kaya yadda aka siffanta.

Ban da ladansa, ka sa ran biyan kuɗin motarsa da masauki, da kuɗin ɗakin gwaji, da na kamfanin duba kaya. Mai fitarwa waje yana da ƙarin harajin duba kaya na rabin kashi 1 cikin 100 na darajar kayan, da kuɗin tashar jirgi da na wakilin kwastan. A nemi a rubuta duka tun farko.

Ko ya cancanci kuɗin? Yi lissafi da kanka. A ce ka sayi tan 30 na kwaki a kan danshi kashi 12, aka kawo maka mai kashi 16. Wannan kashi 4 ya haura tan 1 na ruwa zalla, kimanin buhu 24 masu kilo 50, ka biya kuɗinsu ka biya musu mota. Kuma ba a nan asarar ta tsaya ba, domin gari mai wannan danshi ba zai daɗe a sito ba sai ya yi fumfuna ya dunƙule. Na'urar gwada danshi ta hannu, a minti kaɗan za ta nuna wannan tun kaya na ƙasa.

Ta yaya zan gane na ƙwarai?

Ka nemi sunayen mutum biyu ko uku da ya yi wa aiki, ka kira su da kanka, ka tambaye su abin da ya faru ran da aka sami matsala. Ka tabbatar da rajistar kamfaninsa. Ka gwada shi da tambayar da ka riga ka san amsarta, misali tan nawa na ɗanye ke ba da tan 1 na sitaci. Wanda ya yi inda-inda bai taɓa tsayawa a bakin injin gurza ba. Ka lura ko yana yi maka tambayoyi: me za ka yi da kayan, ina za ka ajiye, wata nawa? Wanda ya fara da alkawarin riba kafin ya ji buƙatarka, talla yake yi. Kuma kuɗin kaya kada ya bi ta asusunsa; ka biya mai kaya kai tsaye, shi ka biya shi ladansa daban.

Ka sani kuma akwai abin da ba zai iya ba. Ba ya hana farashi tashi, ba ya gyara hanya, ba ya rage shingayen karɓar kuɗi tsakanin Lakwaja da Zariya. Abin da zai yi shi ne ya sa su cikin lissafi tun kafin su same ka.

Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne, buhu 50 nake saye. Ina buƙatarsa?

Wataƙila a'a. A wannan mataki amintaccen abokin ciniki a can, da sikeli, da hancinka, sun isa. Ka damƙi garin a tafin hannu ka saki: busasshe zai warwatse, mai danshi zai tsaya a dunƙule. Ka zuba kaɗan a kofin gilashi da ruwa ka motsa, yashi zai kwanta a ƙasa. Ofisoshin NEPC na jihohi da hukumomin raya aikin gona, irin su KNARDA a Kano, suna ba da bayanin farko ba tare da ka ɗauki kowa aiki ba.

Amma idan jarinka ya kai tirela, ko za ka biya kuɗi gaba ga wanda ba ka taɓa gani ba, ko za ka sa hannu a kan kawo wa masana'anta kaya duk wata, lokaci ya yi. In kuɗin ya yi maka nauyi, ku haɗu ku biyar ko goma a ƙungiyarku ta kasuwa ku ɗauki mutum ɗaya, tunda tafiya ɗaya ce zai yi muku duka. Ku fara da ƙaramin oda daga masu kaya biyu daban-daban, ku gwada kowanne sau biyu, ɗaya da rani ɗaya da damina, sannan ku zaɓi wanda za ku ba babban.